Gudubai a Shingen Jibiya

Magaji da Hajara, ku biyu nake wa wannan babin, ƙannenku na Riko su saurara kawai. Na ba ku labarin ƙuruciyata da na kakanninku ba tare da na tsaya ba, amma da na iso nan sai na ajiye alƙalami na yi ta kewaye-kewaye. Abin da ya maido ni shi ne ranar sunan jikanyar Magaji, na ji wata mata tana nuna shi da baki tana ce wa ta kusa da ita, ai ɗan Gudubai ne. Mutum da furfurarsa da jikokinsa, har yau sunan nan bai sake shi ba. Ya yi kamar bai ji ba, yadda ya saba tun yana yaro. Ni kuwa na ji.

Mahaifinku tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama ya dawo kafin a ɗaura mana aure, kuma abin da ya dawo da shi bai wuce takalman ƙafa-ciki, da tabo a kafaɗa, da 'yan kalmomin Turanci da yake ba mutane dariya da su ba. In zai kora jakai sai ya daka masu tsawa irin ta fareti, yaran unguwa su bi shi suna kwaikwayo. A waje mai barkwanci ne, amma a gabana ban taɓa ganin namiji mai kunya irin tasa ba. Bai taɓa kama sunana ba. In ya sayo tsire ranar kasuwa ba zai miƙo mani ba, sai dai in ɗaga faifan ƙwaryata in tarar da shi. A gandu muke zaune a gefen Jibiya, tare da wansa Yaya Ummaru, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, da tsohuwarsu da kowa ke kira Inna. A lokacin ina da ku uku: Magaji, sai Ladi wadda kai Magaji kake ɗan tunawa, sai ke Hajara kina goye.

Mutane sun saba jin fari ya kawo yunwa. Tamu ta wannan shekarar ruwa ne ya kawo ta. Aka yi ta sheƙa shi har bayan lokacin da ya kamata ya ɗauke, gero ya tsaya cikin ruwa, zangarniya ta yi baƙi a tsaye. Abin da muka zuba a rumbu ko rabinsa bai kai ba, shi ma yana warin ruma. Kafin bazara mun koma cin dusa da ganye da garin rogon da ake kawowa daga kudu, wanda ke cika ciki ba ya riƙe mutum. Ni sai na fara kai kwaɗon rama bakin shinge ina sayar wa direbobi. Shingen nan ba wani abu ba ne a wancan zamani: doguwar sanda ce a gicciye a kan hanya, da rumfa, da 'yan kwastan sanye da kaki. Wannan gefen mu ce Ingilishi, wancan mu ce Faranshi, alhali duk dangin juna ne. Kullum manyan motoci na fitowa daga Maraɗi maƙare da buhunan gyaɗa za su Kano, mu kuma muna zaune a ƙasa muna kallon abinci yana wuce mu.

Wata rana bayan la'asar mahaifinku ya sami wansa a tsakar gida, ina daga bakin murhu ina jin su. Suna da kawu a wani ƙauye gaba da Maraɗi.

"Gero na can wurin Kawu," in ji mahaifinku. "Nasu tudu ne, ruwa bai kwanta masu ba. A ba ni jakan nan biyu in tahi."

"Ka san an hana hitar da hatsi daga Faranshi," in ji Yaya Ummaru. "In suka kama ka hwa?"

"Ba ta hanya zan dawo ba, Yaya. Na san dajin."

Inna ce ta yanke maganar. Ta nuna Ladi da ke zaune a bakin ɗaki tana tsotsar ɗan yatsa.

"Ummaru, dubi wuyan yarinyar can. Ku bar shi shi tahi."

Aka tattara abin da ya rage mai daraja a gidan don a musanya da hatsi: tasoshin jerena, da mundayen azurfar Inna, da babbar rigar Yaya Ummaru ta zuwa idi. Washegari da hantsi ina bakin shinge da ƙwaryar ramata sai ga shi ya koro jakan. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, kuma ban ji komai ba, don haka aka saba. Aka ɗaga masa sanda ya ƙetara. Har ya yi 'yan taku sai ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga hannu kusa da goshi kamar zai sara wa babba. Ya dube ni sosai, irin duban da bai taɓa yi mani a gaban mutane ba, ya ce:

"Gudubai."

Ya juya ya bi jakansa. Mutanen rumfa suka yi dariya, don sun san shi da irin wannan. Akwai wani direba mai suna Tanko a tsugune yana cin ramata, ya ɗago kai.

"Kin ji abin da ya ce maki?"

"Ni ban jin Turanci," na ce.

"To ni na yi wa Bature tuƙi a Ikko. Ran da zai hau jirgi ya koma ƙasarsu ya miƙo mani hannu ya ce gudubai. Har yau ban sake sa shi a ido ba."

Wasa yake yi. Aka sake fashewa da dariya, har da ni. Na sha tuna wannan dariyar tawa.

Kasuwa ta ci, wata ta ci, babu shi babu labarinsa. Tun ina duban hanya a ɓoye har na koma tambayar duk wanda ya fito daga Faranshi. Da abin ya yi tsawo Yaya Ummaru ya taka da ƙafa har wurin Kawu. Ya dawo fuskarsa kamar an shafa mata toka. Kawu ya ce masa lalle ɗan'uwansa ya zo, ya ba da kaya, an labta masa gero a kan jakai, ya kama hanyar gida tun tuni. Ba wanda ya ga gawa, ba wanda ya ga jaki. Kafin nan maganar direba ta riga ta zaga gari, kuma ta bar zama wasa. Aka ce ya sayar da geron ya shige Damagaram. Aka ce an gan shi da wata mata. Yara suka raba kalmar gida biyu suka ƙara mata wutsiya, in Magaji ya fito sai su bi shi suna tafi suna cewa, gudu, bai dawo ba. Daga nan sunan ya samo asali, tun kana ɗan yaron da bai fara zuwa gona ba.

Ban ga laifin Yaya Ummaru kamar yadda kuke gani ba. Mutum ne da aka bar wa bakuna da yawa, ba jaki, ba riga, ba hatsi. Ya kira ni gaban Inna.

"Ya ci amanar gida, kuma ya sallame ki da bakin Nasara gaban shaidu. Ɗiyan ƙanena jinina ne, abin da ke akwai zan raba da su. Amma ke, in sakakkiya ce, gidan mahaifinki na nan Riko."

"Ɗana ba ya gudu," in ji Inna. Ta faɗa tana kuka, ta sake faɗa, amma ba ta da abin da za ta ɗora a kai.

Aka kai maganar gaban alƙali. Dattijo ne mai natsuwa. Ya sa na maimaita kalmar har ya iya faɗin ta, sannan ya aika aka kira wani malamin kwastan da ya yi makarantar boko. Saurayi ne, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Mece ce gudubai a Turanci?" alƙali ya tambaye shi.

"Allah gafarta Malam, sallama ce."

"Wace irin sallama? Ta wanda zai je ya dawo, ko ta wanda ya sallami abin da ke hannunsa?"

"Duka suna faɗin ta. Wanda zai je kasuwa ya faɗa, wanda zai tafi ba dawowa ya faɗa. Abin da ke zuciyar mai faɗin ne ban sani ba."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Alƙali ya ce kalmar da ba a san nufin mai ita ba ba ta tsinka igiyar aure, don haka ni matar aure ce har yanzu. Ya ce ina iya zama in jira shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace. Ina kuma iya neman a raba auren, tun da bai bar mani abin ci ba. Ya ce zaɓi nawa ne, in je in yi tunani.

Tunanin ba mai tsawo ba ne, don a cikin ƙwarya ake yin sa. Duk ludayin da za a zuba mani a gidan nan daga rabon Magaji da Ladi za a ɗebo shi. Nonona ya fara ƙafewa, ke Hajara kukanki ya koma kamar na ɗan kyanwa. A Riko ma ana yunwa, amma mahaifina yana da 'yar fadama da rogo a ciki. Na koma gaban alƙali na ce a raba. Ku riƙe wannan da kyau: ban ce ya sake ni ba, ban taɓa faɗin haka ba. Cewa na yi babu abinci. Amma mutanen gari ba su tsaya bambance wannan ba. A wurinsu alƙali ya tabbatar da cewa gudubai saki ne, kuma tsohon soja ɓarawon gero ne.

Ranar da zan tafi Yaya Ummaru ya ce goyo nawa ne, manyan biyu na gidan ubansu ne. Haka al'ada take, kuma ko an ba ni su ban san me zan ba su ba. Kai Magaji ka ɓuya a bayan rumbu ka ƙi fitowa. Ladi ce ta riƙe bakin zanena ta biyo ni har zaure, ba ta kuka, tafiya kawai take yi inda na sa ƙafa. Inna ta zo ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata zan kawo mata rogo ranar kasuwa, kuma na kai, na sake kaiwa. Ana saura kaɗan a fara cin tumu zawo ya kama ta, jikin kuwa ba abin da zai tare shi da shi. Kafin saƙo ya iso Riko an rufe ta. Na bar gidan ne don rabonta ya ƙaru, ya kuma ƙaru, bai dai isa ba.

Bayan rasuwar Ladi ne na fara yarda da abin da ake faɗi. Da can ina cewa a raina wani abu ne ya same shi. Yanzu kuwa ina bukatar wanda zan ɗora wa, sai na ɗora masa. In ina niƙa sai in ji kalmar tana bin dutsen, in tuna yadda ya dube ni, in ce ashe duban ban-kwana ne, ashe ya san abin da ya ƙulla. Iddata ta ja saboda goyo. Da ta cika, wani manomi maƙwabcin mahaifina, Malam Idi, wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana so. Ba wanda ya tilasta ni. Na dubi zaman gidanmu, na dubi Hajara, na amsa. Ku 'ya'yansa kun san mahaifinku, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mani murya ba har ya koma ga Allah.

Ina da tsohon cikin ɗana na farko a gidan Malam Idi labari ya zo cewa tsohon soja ya dawo Jibiya. Ba gudu ya yi ba. Masu gadin wancan gefen ne suka tare shi a daji, saura kaɗan ya shigo ƙasarmu. Da suka kama jakan za su tafi da su da geron, ya roƙe su, suka ƙi, sai ya kai wa ɗayansu hannu. A kan wannan aka ɗaure shi, aka tura shi can arewa mai nisa fasa dutsen hanya, inda ba wanda ya san shi balle ya kawo saƙo. Ya dawo da ƙafa, haƙoransa na gaba sun zube, yana tari mai fitar da jini. Ya tarar Inna ta rasu, Ladi ta rasu, matarsa na gidan wani, ɗansa kuma ana kiransa da sunan da kuka sani.

Ya aiko yana neman izinin ganin 'yarsa. Malam Idi ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, shi kuma ya fita ya zauna a dakalin waje inda zai gan mu ba zai ji mu ba. Na tsaya daga ƙofar ciki na turo ki, Hajara. Kika ƙi zuwa, kika ɓoye fuska a zanena. Bai matsa ba. Ya dubi cikina sau ɗaya ya mai da idonsa ƙasa. Muka gaisa kamar baƙi. Na yi masa ta'aziyyar Inna, ya yi mani ta Ladi. Sai na ji in ban tambaya yanzu ba, ba zan sake samun dama ba.

"Malam, kalmar nan da ka faɗa mani a shinge, mece ce?"

Ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

"A barikinmu akwai wani Bature da ke koya mana karatu, malamin makaranta ne a ƙasarsu kahin yaƙi. Shi ya ce mana asalinta ba kalma guda ba ce, magana ce: Gad bi wid yu. Gad shi ne Allah a bakinsu. Wato Allah shi kasance tare da kai. Ita kakanninsu ke faɗa wa juna in za a rabu. Yau da gobe baki ya cinye ta ta gajarce, har sunan Allah da ke gabanta ya koma gud, irin na gaisuwarsu ta sahe. Ya ce su kansu yawancinsu sun manta addu'a ce, kamar yadda yaro ke cewa salamalekun bai san me ya roƙa maka ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Na ga na bar ki da yara uku da yunwa," ya ce. "Na so in yi maki addu'a. To ga rumfa cike da maza, ga direbobi. Yaya zan tsaya gabansu in yi wa matata addu'a da Hausa? Sai na ɓoye ta cikin Turanci. Na ce in na dawo in gaya maki, ki yi dariya."

Ina so in ce masa ban ce ya sake ni ba, amma wane amfani zai yi masa, ga ciki a gabana, ga mijina a dakali. Shi ma bai tambaye ni dalili ba. Ya ce an gaya masa yadda shekarar ta kasance. Ya ce Hajara ta zauna wurina, ba shi da abin riƙon ta. Da zai tashi ya ce geron da ya ɗauko mai kyau ne, fari tas, da ya iso da ya kai mu kaka. Ya sa takalmansa ya fita, ya tsaya ya yi wa Malam Idi godiya.

Hajara, kin tuna kina makarantar horon malamai na tambaye ki asalin wannan kalma, kika duba babban ƙamus kika ce haka ne, kina mamakin inda na ji? A nan na ji. Ban iya gaya maki ba a lokacin, don mace ba ta zama a gidan miji tana ba da labarin wani.

Bai iya zaman Jibiya ba. Yaya Ummaru ya nemi gafararsa, ya kuma yafe, amma gari bai janye sunan ba, don suna ya fi gaskiya daɗin faɗi a bakin yara. Ba shi da ƙarfin noma, kuma ba ya son ya zama wani bakin a gandun da ya riga ya ci 'yarsa. Sai ya koma wurin Kawu. Magaji, na san abin da ya fi ci maka rai shi ne ya dawo ya sake tafiya bai ɗauke ka ba. Ya san tarin nan ba mai barinsa ba ne, bai so ka je ka yi jinya a baƙon wuri ka dawo maraya sau biyu. Mutane kuwa suka ce ga shi nan, ya sake gudu.

Bai kai wata damina ba. Malam Idi ne ya shigo ya gaya mani da bakinsa, ya ce in shirya in je gaisuwa, uban 'ya'yana ne. Ya sa ni a motar gyaɗa da ke komawa Maraɗi ba kaya, da jariri a bayana. Ranar na fara wuce sandar nan da na yi ta zama a gindinta. Na isa ƙauyen na tarar da matan gidan Kawu zaune a tsakar gida, waɗanda suka yi jinyarsa na 'yan watanni, ana ta shigowa ana yi masu ta'aziyya. Ba takaba a kaina, ba ni da wurin zama a cikinsu. Wata ta shimfiɗa mani tabarmar baƙi a gefe, ta kawo mani ruwa, ta ce sannu da hanya. Na sha. Na matsa na durƙusa a gabansu na ce masu yaya haƙuri, suka ce da godiya, na ce Allah shi jiƙansa, suka ce amin.

Na kama hanya na dawo Riko na ɗora tukunyar tuwo. Tun daga ranar har zuwa yau da nake rubuta maku wannan, ba wanda ya taɓa ce mani yaya haƙuri a kan mahaifinku.